Haƙoran dainoso na Agadas ba kayan tsaraba ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarmu basira. Ku ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan wata dukiya da ke kwance a hamadar Nijar wadda ba na ganin ana maganarta, wato haƙoran dainoso masu cin nama.

Da yawanmu in an ce dainoso sai mu ɗauka ai abin Amurka ne ko na fim kawai, alhali a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta yankin Agadas tawagar Paul Sereno na jami'ar Chicago ta tono Suchomimus a 1997, dabba mai tsawon wajen mita 11 da ta rayu sama da shekara miliyan 100 baya. Haƙoranta sun haura 100, masu tsini irin na kada, na cafke kifi ne sabida a lokacin wajen nan da yau ba ka ganin komai sai rairayi koguna ne cike da ruwa. Shi kuwa Carcharodontosaurus, wanda aka bayyana wani nau'insa daga Nijar a 2007, haƙoransa faffaɗa ne gefensu kamar zarto, na yanka tsoka. Kenan daga haƙori ɗaya tal masani zai iya gaya maka me dabbar take ci.

Abin da ya sa haƙoran suke da yawa haka, dabbobin nan suna zubar da su wasu na fitowa har ƙarshen rayuwarsu, ga shi haƙori ya fi ƙashi tauri baya saurin lalacewa, shi ya sa in iska ta kwashe rairayi sai ka gansu a fili.

To nan fa matsalar take. Ku duba Maroko, haƙoran wani dainoso mai suna Spinosaurus na yankin Kem Kem yanzu haka a intanet ake tallansu kamar kayan kwalliya, kowa ya saya ya ajiye a falo. Wallahi bana zargin talakan da ya tsinta ya sayar, yunwa ba wasa ba ce, amma dai da zarar an ɗauke haƙori ba a rubuta inda aka same shi ba da kalar dutsen da yake ciki, rabin ilimin ya tafi kenan, ba mai iya dawo da shi.

Roƙona ga hukumomin Nijar su sa ido sosai a wuraren nan, su ɗauki mutanen yankin aikin gadi a biya su tunda su suka san hamadar. Ku kuma ƴan jarida don Allah ku tura wakili gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ɗauko mana hotunan ƙasusuwan dainoson da ke can, a yi bayani da Hausa ɗalibanmu su karanta.

Na gode.
Mai karatunku daga Damagaram