A San Ma'anar Zane Kafin a Ɗauki Almakashi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan katunan gaisuwa da ake zanawa da hannu lokacin Bikin Bazara, wato sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar Sin, wadda takan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024.

Na daɗe ina wannan sana'a, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu ke kwafo zane daga intanet ba tare da sanin abin da yake nufi ba, alhali a wajen Sinawa kusan kowane zane magana yake yi. Ana zana kifi ne saboda sunansa, yu, yana kama da kalmar yalwa. Harafin fu, mai nufin alheri, akan manna shi a kife da gangan, domin a harshensu "kifewa" da "isowa" lafazinsu ɗaya ne, wato alheri ya iso. Da idona na ga wani ɗalibi ya ɓamɓare harafin daga jar takarda, gam bai ma bushe ba, ya miƙar da shi tsaye a zatonsa kuskure ya gyara.

Launi ma da ƙa'idarsa. Ja da ruwan zinare su ne na murna, fari kuwa na makoki ne, kuma ba a rubuta sunan mai rai da jan tawada. Haka nan ana guje wa zana abubuwa huɗu, saboda lambar tana kama da kalmar mutuwa. Sai kuma dabbar shekara, domin a kalandar Sinawa kowace shekara tana da dabbarta daga cikin dabbobi 12, kamar maciji a 2025, doki a 2026.

A ganina, katin da aka yanka da almakashi bisa salon jianzhi, wato fasahar yankan takarda ta Sinawa, ko da gefensa ya ɗan karkace, ya fi wanda inji ya buga daraja nesa ba kusa ba. Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi guda gabanin bikin, ta bayyana wa masu zane ma'anar waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum