Barka da Kirsimeti daga Jidda

Baba, Mama, da ku yaran gida, barkanmu da Kirsimeti. Nan ƙarfe 9 na dare, wajenku 7 ke nan, na san an gama yawon kai abinci gidajen maƙwabta kowa ya baje a tsakar gida. Ni kam yanzu na taso aiki, don nan 25 ga Disamba rana ce kamar kowace, ba coci ba hutu ba anko, mu uku muka ja ƙofar ɗaki muka yi addu'armu ƙasa-ƙasa. Wata Hajiya Bahaushiya haifaffiyar nan ta aiko min kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, da ta ji sallarmu ce, Allah ya saka mata, na ci har da ƙari amma raina na wajen cincin.

Kai, cincin ɗin daren 24! Marigayiya Mamanmu na murzawa muna yankawa da almakashi, hayaƙi ya cika mana ido, Auta na satar kaskon farko yana ƙona baki, gari na wayewa rabin bokiti ya tafi. To na ji wai bana kun ƙi cin na Mama, wai ba irin na Mamanmu ba ne. Haba ku kuwa. Nima na yi kuka jiya, ba wanda ya ce ku manta da ita, amma matar nan ta kwana a gindin murhu saboda ku, hannu kuwa kowa da nasa.

Sannan kai Auta, kar in sake jin ka ce wa ɗan Mama agola. Ɗauko Littafi Mai Tsarki ka buɗe Matiyu sura 1, Yusufu ba shi ya haifi Yesu ba amma shi ya raɗa masa suna, a sura ta 2 ya gudu da shi Masar cikin dare, a gidansa ya tashi, yau ɗin nan da kuke cin kaza dominsa ne. 'Yan ubanci kuma mun ga inda ya kai 'ya'yan Yakubu a Farawa 37, azurfa 20 suka sayar da ƙaninsu. Baba ku yi haƙuri in faɗa, riga ɗaya da Yakubu ya yi wa ƙanin nasu shi kaɗai ce ta hura wutar, don Allah ɗinkin da na turo kuɗinsa a yi wa su huɗun iri ɗaya.

Ku gaishe min da Kaka, a ce mata man zafin na nan na saya, ta bar zuwa sujadar asuba cikin hunturun nan ba suwaita, ina kewar faɗanta da goronta da komai nata. Goggo da zumuntar mata, wa ke buga tulu bana? Kawu, pasto, maƙwabta duka. Mama, a ɓoye min cincin gwangwani ɗaya, mai zuwa Umara cikin maƙwabta ya riƙo min.

'Yarku