Wasiƙa Daga Kano: Ka Dakata Da Sayen Shagunan Nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Ya Fatakwal, ya baƙunta? Mu nan alhamdu lillahi, sai tsadar rayuwa da kowa ke fama da ita.

Na je na duba shagunan da dillali ya turo maka hotonsu. Gini kam ba laifi, ga tayil har waje, ga ƙofar ƙarfe. Amma in shawarata za ka bi, ka riƙe kuɗinka tukuna. Wurin tsohon kududdufi ne aka cike da bola da ɓaraguzai, aka yanka aka ɗora bulo. Ka san yadda kududdufan cikin gari suka samu: nan kakanni suka haƙi ƙasar gina gidaje, ramukan kuma suka zama masaukin ruwan sama. Yanzu ana ta cike su, shi kuwa ruwa ba ya manta hanyarsa. Mai shayin bakin layin ya nuna min shatar ruwan bara a jikin bango, ta kusa gwiwa. Ya ce ranar da aka yi mamako, ɗan adaidaita sahu ko kallon lungun ba ya yi, shi ma sai ya kife tukunya ya tafi gida. Wa zai kama hayar shago a inda mai saye sai ya naɗe wando kafin ya iso?

Ai ka ji abin da ya sami Kantin Kwari a daminar 2022. Kasuwar da ake zuwa sarin atamfa da shadda daga Nijar da Cadi da Kamaru, ruwa ya shige ta ya jiƙa dilolin kaya, kuma abin da 'yan kasuwar suka yi ta kuka da shi shi ne gine-ginen da aka dasa a kan magudanai da hanyoyi. Kowa na son ƙarin shago, ba mai tambayar ta ina ruwa zai bi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ba rumfunanta kaɗai suka riƙe ta ba. Dubi unguwannin cikin birni: Dukawa, Soron Ɗinki, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, ga marinar Ƙofar Mata. Falke ya sauka, yana da zauren kwana, da masallaci, da abinci, da wanda zai tsaya masa, duk a tafiyar ƙafa. Shi ya sa yake dawowa baɗi, har ya kawo ɗansa.

Ko a layinmu na ga haka da idona. Da, ana sallar isha kowa zai shige gida saboda duhu da masu ƙwacen waya. Sai dattawan masallaci suka sa aka yi karo-karo, matasa suka fito aikin gayya suka yashe kwata, aka zuba marmara, aka kafa fitilun sola. Ba a jima ba mai tsire ya dawo da tukubarsa. Wata yarinya ta fara suyar awara a ƙofar gidansu, telan kusurwa ya koma kaiwa dare a kan kekensa, mai POS ya kafa lema. Majalisar dakali ta farfaɗo, kuma tunda akwai idanu a waje, mata na aiken yara ba fargaba. (Masu gidaje dai sun ga banza, nan take suka ƙara kuɗin haya, wannan kuma zancen wata rana ne.)

Gadojin Ƙofar Nassarawa da Dangi sun rage cunkoso, ban musa ba. Sai dai mai mota wucewa yake yi. Wanda ke ciyar da ƙaramin ɗan kasuwa mai tafiya a ƙasa ne, shi kuwa inuwar darbejiya yake nema da hanyar da ba caɓi.

Don haka kar ka tura ko sisi. Na sa a nema mana wani wurin ta wajen Hotoro ko Kabuga, kuma ba zan ce maka komai a kansa ba sai na tsaya a ƙofarsa ana tsaka da ruwa, na kuma tambayi maƙwabta nawa suke sayen kurar ruwa a wurin 'yan garuwa. Ka sanar da ni iya abin da ka tanada, kuma ko shago ɗaya kake so ko biyu.

Hajiya na gaishe ka, ta ce ko sallar nan ma ba za ka leƙo ba? Ka gaida mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini