Rahoton Kwamitin Gyara da Ƙawata Cikin Coci

Ya 'yan'uwa cikin Kristi, aikin da Fada da majalisar Ikklisiya suka ɗora mana ya kammala, ga bayaninsa.

Cocinmu irin ginin da ya yawaita ne bayan Taron Vatican na Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965: fili mai faɗi, bango fari fat, babu ginshiƙai. Yana ɗaukar jama'a, amma mai shigowa ba ya sanin inda zai kai idonsa. Burinmu shi ne tun daga bakin ƙofa ido ya tafi kan bagade.

Ba a buɗe gwangwanin fenti ba sai da aka toshe yoyon rufi, aka kankare tsohon fentin roba da ya kulle danshi har filasta ta kumbura. Magina suka yi sabuwar filasta ta farar ƙasa, muka bar ta ta bushe sarai, duk da wasu sun ƙosa. Fentin da muka zaɓa na silikat ne, wanda Adolf Keim ya yi wa rajista a Jamus a 1878. Yana kama jikin filasta ya zama ɗaya da ita, danshi kuma yana samun hanyar fita.

Bangon bayan bagade shi ya fi cin lokaci da muhawara. Wasu sun so a cika shi da hotunan tsarkaka. Mai zanen da aka ba aikin ta roƙi a bar wa Gicciye wurinsa, kuma gaskiyarta ce. Ta shafe bangon da launin jar ƙasa mai sanyi, wanda ba ya faɗa da kore, shunayya, ja ko farin tufafin Misa, ta kewaye Gicciyen da reshen inabi da zangarniyar alkama na zinariya, alamar gurasa da ruwan inabi. Silin da ke sama shuɗi ne da taurari, irin wanda wani mai zane, Giotto, ya zana a ɗakin addu'a na Scrovegni a Italiya wajen 1305. Shi kansa bagaden ba a jingina shi da bango ba, yadda Fada zai iya kewaya shi, ya kuma fuskanci jama'a.

Wurin zama an yi masa launi mai haske, an wanke tashoshi 14 na Hanyar Gicciye, an mayar da su.

Roƙonmu ga ƙungiyoyi da masu shara: kada a manna takarda ko a buga ƙusa a bango, kada kuma a sa wa zinariyar ruwa. Buroshi mai laushi ya isa.