Wasiƙa ga ɗana da ke karatu a Guilin, ƙasar Sin

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka ta shaida mini kai da abokan karatunka kuna shirin zagayen kogwanni idan an yi hutu. Ban hana ba, amma ka saurari tsohon mai haƙa rijiyar burtsatse tukuna.

Dogayen duwatsun nan na bakin kogin Li, waɗanda aka zana a bayan takardar yuan 20, dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti. Masana sun ce a ƙarƙashin teku ya taru, fiye da shekara miliyan 300 da suka shige. Ruwan sama kan ɗebi iskar kabon, musamman in ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, ya ɗan yi tsami, sai ya riƙa cin dutsen ta tsagoginsa. Tsaga ta zama rami, rami ya yi ta zurfi har ya taɓo ruwan ƙasa. Daga nan ruwan ya koma cin gefe, fili na ta faɗi, abin da ya tsira a tsaye shi ne kuke ɗaukar hotonsa. Namu na Sakkwato bai da wannan kaurin, ruwan ma bai kai ba: Guilin na samun wajen milimita 1,900 a shekara, kusan ninki uku na namu.

To, abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙasar wajenku cikinta a rarake yake. Ruwa mai yawa ta ƙarƙashi yake tafiya, kuma ba ya sallama. Ana iya tafka ruwa a bayan wani dutse da ba ka ko hango shi, kai kana wurin da rana ke ƙwallewa, kogon da ka shiga ya cika kafin ka juyo. Ka tuna yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu a kogon Tham Luang na Tailan, a 2018. Irin dutsen ke nan. Sun shiga ranar 23 ga Yuni, ba a gama fito da su ba sai 10 ga Yuli, kuma an rasa rai wajen ceto. Don haka daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ke ƙarfi a wajenku, kada ka shiga kogon da ba hukuma ce ta buɗe shi ba, ko waye ya ce ya san hanya. In an kira ka matsoraci, ka amsa.

Sai ruwan sha. A wurinmu yashi da tsakuwa kan tace ruwa kafin ya kai rijiya. A can ruwa ta manyan kafofi yake zurarawa, babu abin da zai tace shi. Ƙazantar da aka zuba a rami a wani ƙauye tana iya ɓullowa a marmaron wani. Komai garai ɗinsa, ka tafasa. Alwala dai ka yi abinka.

In Allah Ya kai ka lardin Guizhou, ka duba tuddan da aka sare itatuwansu aka noma: 'yar ƙasar da ke kai ta zurare cikin tsagogi, sai tsuran dutse. Ka tambayi malamanka yadda ake farfaɗo da su, ka rubuto mini, ina son in sani.

Kuɗin rigar sanyi na hannun kawunka, zai turo maka. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.