A daina biyan kafin alƙalami sai an ga jadawalin aiki

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan takardar da 'yan kwangila ke miƙa wa ma'aikatu da sunan jadawalin aiki. Galibi zanen Gantt ne, sanduna a jere kowacce da ranarta. Yana nuna yaushe za a fara abu, amma sau da yawa ba a nuna aikin da ke jiran wani ya ƙare, kuma a nan lattin yake ɓuya.

Tun 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand a Amurka suka fito da dabarar da ke toshe wannan giɓi, wato CPM, hanyar gano jerin ayyukan da ba sa jure latti. Ana lissafa kowane aiki da kwanakinsa, a haɗa su da kibiya, sannan a nemo sarƙar da ta fi tsawo. Tsawonta shi ne tsawon kwangilar.

A ɗauki ginin azuzuwa: haƙa harsashi kwana 5, ɗora bulo har linta 20, katako da kwanon rufi 8, filasta 10, fenti 4. Jimla 47. Kwana ɗaya ya zame a nan, ranar miƙa makulli ta zame. Ƙofofi da tagogi kuwa mai walda zai gama su cikin kwana 12, ba a buƙatarsu sai rana ta 33, kafin filasta. Ke nan akwai rarar kwana 21. Matsalar ita ce ana ganin rarar sai a saki jiki, ba a ba da odar ba sai rana ta 30, magina su zauna kwana 9 suna jiran taga.

Wani kuskuren shi ne tara leburori inda ba a makara ba. Kankare kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka auna masa, yawan hannu ba ya rage wannan.

Inda damina za ta iya shiga, dabarar PERT, wadda sojin ruwan Amurka suka samar a 1958, tana ɗaukar ƙiyasi uku na kwanakin kowane aiki. Rufi zai ci kwana 6 in komai ya yi daidai, 8 bisa al'ada, 16 in ruwan Agusta ya tsare. A ninka na tsakiya sau 4, a tara da sauran biyun, a raba da 6: kwana 9.

Ina kira ga ma'aikatun ayyuka su nemi zanen CPM kafin su saki kuɗin kafin alƙalami, injiniyan da ke sa ido kuma ya riƙa sabunta shi duk mako.

Naku,
Mai karatu daga Zariya