A daina sayar da batirin mota da garantin baka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda ake sayar da batirin mota a kasuwanninmu, daga Ƙofar Ruwa ta Kano har zuwa Panteka ta Kaduna, inda mutum zai zuba kuɗi masu yawa a ce masa akwai garantin wata shida ko shekara guda, amma ba a rubuta masa komai a rasit ba.

Batiri ba ya daɗewa a ƙasarmu kamar yadda yake daɗewa a ƙasashe masu sanyi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, sannan ga zafin inji a ƙarƙashin bonet. Wannan zafi yana ƙafar da ruwan batiri, yana kuma hanzarta cinyewar farantan dalma da ke cikinsa, ta yadda batirin da ya sha bazara biyu yakan shiga hunturu a gajiye. Shi ya sa direbobi da yawa suke ɗora wa sanyin Disamba laifi idan mota ta ƙi tashi da asuba, alhali kuwa ɓarnar tun lokacin zafi aka yi ta.

Abin da ya fi damuna shi ne batirin da ya tsufa tun yana kan kanta. Batiri yana zubar da cajinsa a hankali ko da ba a ɗaura shi a mota ba, kuma a shago mai zafi zubar ta fi sauri. Idan ya yi watanni a haka, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, wanda caji ba ya iya narkar da shi duka. Masu ƙera batiri suna buga ranar ƙira a jikinsa, amma masu saye kaɗan ne suka san da ita, kuma ba kowane mai shago ne yake son nuna ta ba. Idan aka dawo da shi bayan wata uku, amsar da ake ji ita ce altanetar motarka ce ta ƙona shi, ko kuma ba ka kula da ruwansa ba. Wani lokaci gaskiya suke faɗa, amma tun da ba a gwada komai ranar ciniki ba, babu mai hujja, sai a rabu da rantse-rantse.

Gwajin kuwa ba ya cin minti biyar. Lafiyayyen batiri mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 a mita, kuma idan inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Ina ganin wajibi ne kowane dila ya yi wannan awo a gaban mai saye, ya rubuta sakamakon a rasit tare da ranar ƙira da tsawon garanti da sharuɗɗansa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi domin a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa, sai dai wannan dama tana da wuyar nema ga wanda ba shi da takarda a hannu.

Mu ma masu mota akwai namu nauyin. Idan batirin mai murfi ne, a duba ruwansa kowane wata a lokacin bazara, a ƙara tataccen ruwan batiri kawai, ban da ruwan rijiya ko na leda, kuma kada a yarda mai caji ya ƙara asid. A goge kan batiri idan ya yi fari, a ɗaure shi tamau saboda gargadar hanya tana lalata cikinsa.

Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan mota da su wajabta wa mambobinsu rubutaccen garanti, sannan hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta riƙa bin shaguna tana duba ranar ƙirar batiran da ke kan kanta.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano